Bututun da babu RT a cikinsa

Ƙarshen watan nan zan bar ɗakin gwajin da nake aiki a Kumasi. Ƙannena masu bautar ƙasa da za su gaji teburina, wannan naku ne.

PCR, wato hanyar da ake ninka DNA a bututu har ya yi yawan da za a iya gani, ba ta tambayar asalin abin da aka zuba mata. In ragowar DNA ya biyo RNA ɗinku, za ta ninka shi, layi ya fito ɓaro-ɓaro a jel ɗin da ake duba sakamako, ku ɗauka daga cDNA ya fito, wato DNA ɗin da aka kwafo daga RNA. Shi ya sa ake wanke RNA da DNase, enzayim mai lalata DNA, kafin a haɗa cDNA, a kuma ware bututu ɗaya mai ɗauke da komai ban da RT, enzayim ɗin da ke kwafo cDNA daga RNA. Layi ya bayyana a wannan bututu, to sakamakon ya lalace.

Ogana ya hana mu yin duka biyun. Hujjarsa kuɗi: kayan daga Turai suke zuwa cikin busasshiyar ƙanƙara, sidi, kuɗin Ghana, kuma a lokacin ƙasa take ta yi. Firaima gajerun DNA ne da ke nuna wa PCR wurin da za ta ninka; ekson sashen DNA ne da ke fitowa a cDNA, intiron kuwa ba ya fitowa. Na ce masa, "Dokta, firaimominmu duka a ekson ɗaya suke, ba su tsallake intiron ba. Ta yaya za mu bambance cDNA da DNA?" Ya ce, "Ke yaushe kika zo? Yi abin da aka sa ki." Abin da ke ci mini rai har yau, wannan bututu shi ne mafi araha a jerin, tunda enzayim mai tsadar ma ba ya shiga cikinsa.

Da abokan aikinmu na waje suka nemi ganin gwajin bututun da babu RT, aka yi, layuka suka fito ras. A gaban kowa Dokta ya ce hannuna ne ba shi da tsabta. Ni da nake tashi daga Aboabo bayan asuba don in riga kowa kama santirifuj, injin da ke juya bututu don ware samfuri! Allah ya taimake ni, na rubuta umarninsa a littafin aikina, da kwanan wata. Na nuna wa shugaban sashe, aka wanke ni cikin sirri. A fili kuwa babu wanda ya janye maganar, Dokta ma bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Ni na sake aikin daga farko, kuma da sakamakona ake tafiya yanzu. Don haka duk umarnin da aka ba ku da baki, ku sa shi a takarda ranar.

Sauran kun sani. Ku yawaita canza safar hannu, fatarmu cike take da RNase, enzayim mai lalata RNA. Awon tsabtar RNA na 260/280 da ya kusa 2.0 ba ya nuna RNA bai farfashe ba, sai kun ga manyan layukan RNA guda biyu, 28S da 18S, a jel. In kun ɗumama RNA da firaima a digiri 65 na minti 5, ku tsoma cikin ƙanƙara nan take. Ku rarraba RNA ƙanana-ƙanana kafin ya shiga firiza, kuma in dumso ta zo, wato an ɗauke wuta, kada wanda ya buɗe ƙofar sai janareta ya tashi.