Na'urar ta ce 98

Laraba. Hazo ya rufe gari tun asuba, ko gadar Kawo ba a gani sosai.

Ina dawowa daga masallaci na tarar da Auta a gidan maƙwabta, riƙe da oksimitar nan tasa ta yatsa, na'urar auna oksijin a jini. Jiya da aka ɗauke wuta sun shigar da janareta zaure don gudun ɓarayi, suka toshe tagogi saboda sanyi. Sun tashi da ciwon kai, yara biyu na amai, maigidan na jiri. Auta ya maƙala wa kowa na'urar, ta nuna 98, ta nuna 99, ya ce mura ce. Na fitar da su tsakar gida, na tare Keke, muka wuce asibiti.

A hanyar dawowa ya ce, "Yaya, ni fa ban gane ba. Ai jininsu cike yake da iska." Maganar nan ce ta hana ni sukuni duk yini, domin yaron yana karatu, kuma ya haddace zanen da ke nuna yadda jini ke kama oksijin da sauke shi.

Amsa ta kusa mai sauƙi ce. Na'urar haske biyu take harbawa ta yatsa, ja mai nanomita 660 da wani mai 940 da ido ba ya gani. Himoglobin shi ne mai dakon oksijin a jini. A jan hasken, wanda ya ɗauki kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin janareta, kusan kamarsa ɗaya da mai oksijin, sai ta haɗa su a lissafi. Amma ba nan gizo ke saƙa ba. Ko da na'urar ta yi gaskiya, abin da jini ya ɗauka take faɗa, ba ta san ko zai sauke ba.

Himoglobin sarƙoƙi huɗu ne, alfa biyu, beta biyu, kowace da ƙwayar ƙarfe ɗaya a tsakiyar wani zobe da ake kira him, inda oksijin ke zama. Kujeru huɗu ke nan. Na ce masa ya tuna motar tasha: ba mai son shiga wadda babu kowa, amma da mutum biyu sun zauna sai ta cika nan da nan. In babu oksijin, himoglobin a ɗaure yake, yanayin da ake kira T, kujerar farko da ƙyar take karɓa. Da oksijin ya zauna sai ƙarfen ya zame ya shiga daidai cikin zoben, ya jawo histidin, guntun sarƙar da ke riƙe da shi, jan ya ratsa zuwa mahaɗar sarƙoƙin, har rabin ginin ya juya kamar digiri 15 a kan ɗaya rabin. Wannan shi ne yanayin R, sakakke, mai kama oksijin da sauri. Shi ya sa zanen yake lanƙwasa kamar harafin S, lambar Hill kuma, ma'aunin haɗin kan kujerun, take kusan 2.8 maimakon 1.

Amfanin yana wajen saukewa. A huhu, inda matsin oksijin yake kusan 100 mmHg, jini na cika kashi 97 cikin ɗari. A 40, wato naman jiki a hutu, saura 75. A 26 ko 27 rabi ya sauka. A tsokar mai faskare, inda matsin kan faɗi zuwa 20, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya rage. Mayoglobin, ma'ajin oksijin na tsoka mai kujera ɗaya, a wannan matsin har yanzu yana riƙe da kusan kashi 90. Sannan ga masu taya saukewa, waɗanda ba sa zama a kujerar oksijin ko kaɗan: tsamin jini da kabon dayoksaid, abin da Christian Bohr ya bayyana tun 1904, da kuma 2,3-BPG, wani sinadari na cikin jajayen ƙwayoyin jini mai cusa kansa a ramin da ke tsakanin beta biyu. Duka suna ƙarfafa T daga gefe.

Hayaƙin janareta ɓarna biyu yake yi. Kabon monoksaid ya fi oksijin kama ƙarfen fiye da sau 200, ya zauna ya ƙi tashi. Kuma zamansa a kujera biyu yana riƙe ginin a R, sai sauran biyun su ƙanƙame oksijin ɗinsu, su wuce ƙwaƙwalwa da zuciya ba su sauke ba. Mai ƙarancin jini da himoglobin ɗinsa ya ragu da rabi yana iya takawa zuwa kasuwar Barci. Wanda hayaƙi ya cinye rabin nasa, a sume ake ɗauko shi, in an yi sa'a.

Magani shi ne oksijin zalla ta takunkumi mai jaka, lita 15 a minti, ko me yatsa ya nuna. A iskar ɗaki sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ta fita, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci.

Auta ya yi shiru har muka iso gida. Abincin Inna ya huce, ban je ɗaurin auren ba.

Sun sallami maigidan da yaran da la'asar, sun riƙe matar. Cikinta wata bakwai. Himoglobin ɗan tayi ba ya kama BPG sosai, don haka ya fi na uwa riƙo, da haka yake janyo oksijin ta mahaifa. Da wannan riƙon yake tara hayaƙin, kuma ya fi uwar jinkirin fitar da shi. Ita ta ce ciwon kan ya tafi. Na tambayi ko yana motsi, ta ce tun safe sau ɗaya ta ji.

An sake ɗauke wuta. Ina jin janaretoci suna tashi layi-layi.