Kada ka sayar da aikinka babu takarda

Ƙannena masu zane da sassaƙa, kuskuren da ya fi cutar da mu da muka riga ku shiga sana'ar nan shi ne miƙa aiki hannu da hannu, a karɓi kuɗi, kowa ya kama gabansa. Ku dubi Maurizio Cattelan, ɗan Italiya da aka haifa a Padova a 1960, wanda bai yi makarantar zane ba, da ƙera kayan ɗaki ya fara.

A Disambar 2019 ya manna ayaba a bango da salatif mai kauri a baje kolin Art Basel na Miami, ya sa wa aikin suna Comedian. Kwafi uku ya fitar, aka sayi na farko a kan dala 120,000. A Nuwamban 2024 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon ɗaya a kan dala miliyan 6.2. Ayaba kuwa ruɓewa take yi. Abin da mai saye ya riƙe shi ne takardar shaida da umarnin kafa aikin: santimita 160 daga ƙasa, a sauya ayabar duk kwana 7 zuwa 10.

To, kai ma rubuta taka. Sunan aikin, shekara, kayan da ka yi shi da su, tsawo da faɗi a santimita, hotonsa, sa hannunka, sai lambar kwafi, misali 2/3, wato na biyu cikin uku. Ka yi takardar biyu, ɗaya ta zauna a wurinka. Lambar nan amana ce. Ka ce uku, daga baya ka buga goma, darajar na hannun mutane ta faɗi, ba kuma za su sake dawowa wurinka ba.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne tsakaninka da mai taya ka aiki. Daniel Druet, wani gwanin sassaƙa Bafaranshe, ya yi wa Cattelan mutum-mutumin kakin zuma da dama ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba. Daga baya ya je kotu a Paris yana neman a ce shi kaɗai ne mai ayyukan, kotun ta yi watsi da ƙarar a Yulin 2022. Shekaru na zumunci suka ƙare a gaban alƙali.

Kafin maƙeri ko kafinta ya taɓa aikinka, ku rubuta wanda ya kawo tunanin, nawa ne ladan, ko sunansa zai fito a allon baje koli, da wanda zai ajiye abin zubin, wato mazubin da ake fitar da siffar aikin da shi, bayan an gama. Zanen gwaji da saƙonnin da ka tura masa, adana su da kwanan watansu.