Mun zauna ƙirga ƙabilun layinmu, lissafi ya ƙi fita

Satin da ya wuce na je gida Jos daga Abuja, sanyin nan na ƙarshen shekara har ya fara shiga ƙashi, ina zaune a tsakar gida ina shan kunun gyaɗa sai ga ɗan yayata ya shigo da tarin takardu a hannu. Yana ajin ƙarshe a jami'a, wai furojet ɗinsa a kan zaman ƙabilu ne a unguwa ɗaya, malaminsa ya ce ya zaɓi ƙaramin wuri ya bi gida gida ya ƙirga. Shi kuma don son banza sai ya zaɓi layinmu na nan Nasarawa, tunda ba sai ya kashe kuɗin keke ba.

"Kawu don Allah ka taya ni, gida 26 ne kawai, rabin awa ma ta isa."

Rabin awar nan ita ta kai mu har kiran magariba.

A fom ɗin an ja akwatuna, Hausa, Fulani, Yarbawa, Ibo, Birom, Anaguta, Afizere, sai na ƙarshe da aka rubuta sauransu. Na ce masa ni ba zan iya ba, kira Hajiya. Mahaifiyata kenan, kakarsa, wadda ta tare a gidan nan a 1976, shekarar da aka yi jihar Filato, kuma babu haihuwa ko biki ko rasuwa da aka yi a layin nan ba ta je ba.

Gidan farko na bakin titi yaro ya ce ai wannan ba sai an tambaya ba, Hausa. Hajiya ta kalle shi ta ce "Wa ya gaya maka? Nufawa ne, daga Bida kakansu ya zo da sana'ar tagulla." Ya ce to amma bai taɓa jin sun yi Nufanci ba, ta ce yaran ko gaisuwa ba su iya ba, tsohuwar gidan ce kaɗai take yi in ta fusata. Gida na biyu Barebari ne, marigayi mai gidan har da tsagensa a fuska, jikoki kuma ba wanda ya taɓa taka Maiduguri. Na uku mijin Bafulatanin Wase ne matar Bajariya, wato 'yar Afizere, to yaransu takwas a wane akwati za a zuba su? Na huɗu Yarbawan Ogbomosho ne da suka yi kaka da kakanni a Jos, Hausarsu wallahi ta fi tawa daɗi, kuma da bakinsu suke cewa in sun je can gida biki 'yan uwansu Hausawa suke kiransu. Kafin mu kai gida na goma yaro ya goge ya sake rubutawa har takardar ta kusa hujewa.

Abin ba mamaki ba ne in ka san yadda garin ya taru. Birom da Anaguta da Jarawa, wato Afizere, suna nan kan duwatsunsu da gonakin accarsu tun kafin Bature ya zo. Kuza ce ta jawo sauran. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙa, ana ta kwaso lebura daga Kano da Zariya da Bauci da Barno, ƙaramin jirgin ƙasan nan da ya taso daga Zariya ya iso a 1914, babban layin dogo kuma ya shigo ta Kafanchan a 1927 ya zubo Ibo da Yarbawa da Urhobo, akawuna da kafintoci da 'yan kasuwa. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma har aikin dole aka yi, aka riƙa kamo mutane daga larduna ana tura su ramin kuza, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Ga Kwarori, wato Larabawan Lebanon da Siriya, da kantunansu, ga Turawa can wajen Rayfield. Manyan kududdufan da kake gani a hanyar Bukur da Barkin Ladi duk ragowar wannan haƙar ce. Duk waɗannan mutane da wane baki za su yi ciniki? Hausa. Har yau ka shiga cocin COCIN ko ECWA, waɗanda hedikwatarsu duk a Jos take, za ka ji ana wa'azi da waƙa da Hausa tsantsa, kuma a garin nan dai aka kafa Izala a 1978. In da harshen da ake yi a tsakar gida za a bi, to kusan kowa a layinmu akwati ɗaya zai shiga, har da waɗanda in ka ce musu Bahaushe sai an raba ku.

Na tambayi yaron ko akwai wasu alƙaluma na gwamnati da zai jingina da su, ya ce babu na zamanin nan, kuma gaskiyarsa. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, haka ma ta 1991, da gangan aka cire don gudun rigima. Abin da ta bayar shi ne Jos ta Arewa tana da mutum sama da dubu 400, shi kenan. Saboda haka duk wanda ka gani a Facebook yana buga ƙirji wai mu ne kashi kaza cikin ɗari a Jos, daga aljihunsa ya ciro, ko namu ne ko nasu. Ni abin yana ba ni haushi yadda mutum zai rantse a kan lissafin da ba wanda ya yi a zamanin nan. Amma na san dalilin zafin, takardar indijin ce, wadda da ita ake samun gurbin karatu da aikin gwamnati da shiga soja, ga kuma kujerar ciyaman tun da Babangida ya yanka ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991.

Muna cikin haka sai Hajiya ta ce "To kai ɗan boko, waɗanda suka tashi fa, ba a rubuta su?" Ya ce babu wurinsu a fom. Ta ce to ita za ta ƙirga nata.

Nan fa hira ta canza. Ta fara da Ibo mai kemis na kusurwa, wanda ya gudu a 1966 ya dawo bayan yaƙi ya sake buɗe shagonsa, shi ne yake ba mu maganin zazzaɓi bashi sai ƙarshen wata Baba ya biya. Sai Mama 'yar Birom da ke jikin katangarmu, wadda a wajenta na fara cin gwate, ranar Kirsimeti kuma tun da hantsi kwanon shinkafa da kaza yake shigowa gidanmu, kazar ma Baba ake kawo wa ya yanka don mu iya ci, mu kuma da layya ni ake aika da cinya guda. Sai malamin firamare ɗan Angas, sai teloli biyu 'yan Tibi masu haya, sai wani ɗan sanda Tarok. Tana faɗa tana lanƙwasa yatsu, hannu biyu suka ƙare ta sake farawa. Duk sun tafi. Wasu bayan rikicin Jos da ya ɓarke Juma'ar nan ta 7 ga Satumba 2001, wasu suka daure har rikicin 2008, na ƙarshe suka kwashe kaya bayan na Janairun 2010. Ba wanda aka kora a layinmu, Hajiya ta nanata wannan har sau biyu, amma wa zai iya barci in duk ƙarar da ya ji da dare sai ya tashi zaune? Wasu musayar gida ma aka yi, mai kemis ya koma wajen Tudun Wada, mutumin da ya bar masa gida can shi ne yanzu a kusurwar.

Abin da na lura da shi, wanda akwatunan yaron ba za su taɓa nunawa ba, rabuwar ba ta bi ƙabila ba, addini ta bi. Gidan Yarbawan nan da na ambata wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wan Musulmi yana nan har gobe, ƙanen ɗan Baftis ne ya koma can Angwan Rukuba, sai dai su haɗu a Taminus ko wajen biki. Bajariyar da ke auren Bafulatani tana nan, 'yar uwarta Kirista kuwa in za ta zo gaishe ta da rana tsaka take zuwa ta koma kafin la'asar. Wanda ya zo daga nesa ya leƙo layinmu yau cewa zai yi unguwar Hausawa ce zalla, alhali da muka gama bi, gidajen da Hajiya ta yarda Hausawa ne gaba da baya ba su kai rabi ba.

Namu gidan muka bari a ƙarshe. Yaro ya ɗaga biro zai caka a Hausa, Hajiya ta ce tsaya. Kakana na wajen uba daga Damagaram ya zo aikin kuza, ya auri Bajariya daga wajen Fobur, su suka haifi Baba. Ita Hajiya Bafulatanar Toro ce. Shi kuma mai furojet ɗin ubansa mutumin Okene ne, Igbira, duk da a Jos aka yanke masa cibiya.

"To Hajiya ni me zan rubuta yanzu?"

Ta miƙe tana laluben butarta don ladan ya riga ya fara, ta ce "Rubuta 'yan Jos. In malamin naka bai gane ba ka ce ya zo ya same ni, amma ban da ranar Talata, ina da asibiti."