Lambar da ke bayan 21

A shekarata ta farko a wurin sayar da tayoyi da ɗaura su, abu biyu nake dubawa in an kawo babbar jif ta alfarma: girman taya da sunan kamfanin da ya yi ta. Da zarar waɗannan sun yi daidai, ni a wurina magana ta ƙare.

Wata safiya aka shigo da wata ƙatuwar jif baƙa. Mai ita ya ce ya gaji da sauya tayoyi sau biyu a shekara, na zafi da na hunturu, yana son irin waɗanda ake kira na kowane yanayi. Na durƙusa na karanta gefen tsohuwar tayar, 275/45 R21, na shiga sito na mirgino guda huɗu masu wannan lamba. Har na ɗaga motar na fara kwance noti sai maigidana ya zo wucewa, ya tsaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗora yatsa a kan tsohuwar tayar ya ce, "Karanta min abin da ke bayan 21." Na ce 110. Ya matsa kan sabuwar. Na ce 107. Ya dube ni ya ce, "To, yaro, kama da wane ai ba wane ba ne. Mayar da su."

Da yamma, bayan an watse, ya zaunar da ni ya buɗe min jadawalin. Wannan lambar ita ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka. Mai 110 tana ɗaukar kilo 1,060, mai 107 kuwa kilo 975. Bambancin kilo 85 ne a kowace ƙafa, kilo 340 ke nan a motar gaba ɗaya. Irin waɗannan jif ɗin tun ba kowa a ciki sukan haura tan biyu, wasu su kai biyu da rabi, kafin a zuba iyali da akwatuna, wani har da tirela a baya. Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta ba ta fashewa a ranar. Gefenta ne zai riƙa lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana cin haɗin roba da wayoyin ciki a hankali, sai wata rana a kan babbar hanya, ana cikin gudu, ta saki. Da na ɗaura waɗancan tayoyin, da mutumin ya biya ya yi godiya ya tafi, ba wanda zai ga aibu a ido. Wannan ne ya hana ni barci a daren.

Daga nan na koyi karanta sauran rubutun. Harafin da ke bin lambar nauyi gudun da tayar za ta jure ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Mutane kan ce su ba sa irin wannan gudu, kuma gaskiyarsu ne, sai dai harafin yana nuna yadda aka gina tayar ta jure zafi, shi ya sa ba na sauka ƙasa da abin da littafin motar ya yarda da shi. Sai kuma XL, wato wadda aka ƙarfafa don ƙarin kaya, tana kaiwa cikakken ƙarfinta ne in an ba ta iska fiye da ta gama-gari. A 'yan shekarun nan ma an fito da HL, wadda ta fi XL ɗaukar nauyi, saboda motocin lantarki da batirinsu ya ƙara musu kilo ɗaruruwa.

Wannan darasin mai sauƙi ne, lamba ce, ka gani ka kwatanta. Wanda ya ɗauke ni shekaru shi ne gane cewa sunan "kowane yanayi" ba abu ɗaya yake nufi a kowace taya ba.

Tun 1977 kamfanin Goodyear ya fito da Tiempo, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko a wannan layi. Manufar ita ce a sami taya ɗaya da za ta yi aiki a busasshiyar hanya, ta yi a ruwan sama, ta kuma lallaɓa in dusar ƙanƙara ta ɗan zubo. Matsalar tana cikin robar kanta. Robar tayar zafi tana da tauri, ba ta yin laushi fiye da kima a kan kwalta mai ƙuna, amma da sanyi ya sauko wajen digiri 7 sai ta fara sandarewa, riƙonta ya ragu. Ta hunturu an cuɗa ta yadda za ta zauna da laushi cikin tsananin sanyi, ga ƙananan tsagi barkatai a jikin zanenta masu cizon ƙanƙara, amma in rana ta buɗe sai ta riƙa lumewa a kwana, birki ya yi nisa, ta kuma cinye da wuri. Taura biyu ba ta taunuwa. Tayar kowane yanayi tsakiya ta tsaya, kuma kowane kamfani da inda ya kafa tasa tsakiyar: wata ta karkata ga zafi, wata ga sanyi, wata kuma ba abin da aka sa a gaba wajen yin ta sai ta daɗe ba ta suɗe ba.

Inda ake bambance su shi ne alamar da ke gefe. Akwai M+S, mai nufin taɓo da dusar ƙanƙara. Na daɗe ina nuna wa masu saye ita da alfahari kafin in san cewa kamfani ne da kansa yake buga ta bisa tsarin zanen tayar, ba wani gwajin dole da ake yi mata a kan ƙanƙara. Ɗaya alamar kuwa hoton dutse ne mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Wannan ba a samun ta sai tayar ta ci jarrabawar riƙo a kan dusar ƙanƙara, an kwatanta ta da wata tayar ma'auni. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Jamus ma ta mayar da abin doka: daga 1 ga Oktoba 2024, in hanya ta yi ƙanƙara, tayar da ke ɗauke da M+S kaɗai ba a lissafa ta cikin na hunturu, sai mai hoton dutsen. Yawancin tayoyin kowane yanayi na kasuwar Turai, irin CrossClimate da Michelin ya fito da ita a 2015, suna da wannan hoto. Da yawa daga cikin na kasuwar Amurka kuwa M+S ce kawai a jikinsu, alhali suna ɗaya ake kiran su duka.

Me ya sa wannan ya fi damuna a kan manyan jif fiye da ƙananan motoci? Saboda jif tana ɓoye raunin tayarta. Ƙafafunta huɗu duka suna ja, ga kwamfuta tana raba ƙarfi tsakaninsu, don haka ko a kan hanya mai santsi za ta tashi lafiya lau, direba ya ji kamar ƙasa ta riƙe shi gam. Amma ja daban, tsayawa daban. Kowace mota a duniya da ƙafa huɗu take birki, ƙaramar da babbar, jif ba ta da wani fifiko a nan. Abin da take da shi ƙari shi ne nauyi da tsayi, ga shi duk wannan jikin yana dogare ne da wurare huɗu da roba ta taɓa kwalta, kowanne bai wuce tafin hannu da yawa ba. Na ga wani mutum da ya kawo tasa da gaba a lotse bayan safiyar sanyi ta farko, yana ta maimaita cewa motar ba ta taɓa zame masa ba. Ban yi masa musu ba, don na yarda da shi. Ba ta taɓa zamewa wajen tashi ba. Ranar ce karon farko da ya nemi ta tsaya da gaggawa a kan tayar zafi da sanyi ya daskarar.

Don haka na daina fara magana da sunan kamfani. Tambaya nake yi: ranka ya daɗe, ina motar take kwana, kuma ina take zuwa? Sau nawa a shekara kake wayar gari ka tarar da ƙanƙara a gilashi? Akwai hawan dutse a hanyarka? Kana jan wani abu a baya? Amsoshin nan su ke zaɓen tayar, ni nuni kawai nake yi. Wanda yake inda sanyi ke zuwa sama-sama, ƙanƙara ta zubo kwana kaɗan ta narke, tayar kowane yanayi mai hoton dutse ta dace da shi ƙwarai, ta kuma raba shi da wahalar ajiyar saiti biyu. Wanda yake inda hanya ke daskarewa wata uku ko huɗu, ba na ɓoye masa cewa ta hunturu ta gaske ba ta da madadi. Wanda kuma yake inda sanyi ba ya taɓa sauka digiri 7, sau da yawa tayar zafi ce ta fi masa, kuma nan ne mutane suka fi mamaki. Sunan ne ke ruɗa su, suna zaton tayar zafi ba ta son ruwa, alhali a ruwan sama mai ɗumi tayar zafi mai kyau takan tsaya kafin ta kowane yanayi. A Tarayyar Turai akwai takardar da doka ta sa a manna wa sabuwar taya, wadda aka sabunta tsarinta a 2021, tana ba da maki daga A zuwa E a kan shan mai da kuma riƙon jiƙaƙƙiyar hanya, da adadin ƙarar da take yi. In mai jif ya ce in zaɓa masa layi ɗaya ya duba, na riƙon ruwa nake nuna masa.

Akwai ƙananan haruffan da masu ƙera mota ke sa a buga wa tayar da aka tsara don motarsu: MO na Mercedes, tauraro na BMW, AO na Audi, LR na Land Rover, N da wani abu a bayanta na Porsche. Ina fifita su in akwai, don an auna su da nauyi da saitin wannan motar, amma ba kowane girma ake samun na kowane yanayi mai irin wannan alama ba. In babu, littafin mota nake komawa. Abin da ba na yi shi ne gauraya mai alama da marar alama a ƙafa biyu masu kallon juna.

Masu motar alfarma shiru suka saya, shi ya sa ƙarar taya take damun su fiye da kowa. Wasu tayoyin akan manna musu soso ta ciki don ya shanye ruri, kuma wanda ya saba da su zai ji bambanci tun a kilomita ta farko in aka sa masa marasa shi. Haka nan sai na buɗe but na duba ko akwai safaya, don wasu motocin da taya mai tafiya ba iska suke zuwa, wadda akasari za ta kai ka kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. In ka cire ta ka sa ta gama-gari ba ka gaya wa mutum ba, ka bar shi ba safaya ba madogara.

Maganar rim ma na daina yin shiru a kanta. Lambar 45 ɗin nan ba milimita ba ce, kaso ne: tsayin gefen tayar kashi 45 cikin ɗari na faɗinta, wato wajen milimita 124 a taya mai faɗin 275. Duk inci ɗaya da aka ƙara wa rim, daga wannan naman ake yankewa. Rim 22 ko 23 yana da kyan gani, ba shakka, sai dai rami ɗaya ya isa ya fitar wa taya da kumburi a gefe, kuma kumburin gefe ba ya facuwa.

Abu na ƙarshe da ya fi jawo min gardama shi ne sauya huɗu a tare. Mutum zai ce ɗaya ce ta lalace, me ya kawo maganar sauran? A motar da ƙafa huɗu ke ja, sabuwar taya mai zurfin zane wajen milimita 8 ta fi wadda ta kusa suɗewa girma, don haka ba sa juyawa daidai, kuma na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ita ke shan wahalar wannan bambanci a kowace tafiya. Nakan sa ma'auni a zanen kowace ɗaya a gaban mai motar, in nuna masa lambar da idonsa. In bambancin kaɗan ne, biyu sun wadatar. In ya yi yawa, ina faɗa masa gaskiya ko da ransa bai so ba. Sannan in juya tayar in nuna masa lambobi huɗun da ke ƙarshen layin rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefenta: 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023 aka yi ta, don kada a ba shi wadda ta tsufa a sito da sunan sabuwa.

Watan jiya aka kawo mana sabon yaro mai koyo, mai zafin nama, ba ya son a jira shi. Jif ta shigo, ya leƙa girman taya ya nufi sito da sauri. Na kira shi ya dawo, na buɗe ƙofar direba na nuna masa takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, mai ɗauke da girma da nauyi da iskar da motar ke so. Sannan muka durƙusa tare a gindin ƙafar gaba, na ɗora yatsa na ce ya karanta min abin da ke bayan 21.