Ranar da ClamAV ya cinye mini ram

Akwai wata 'yar ƙaramar saba ta imel da nake kula da ita a wani ofishi, mutanen da ke amfani da ita ba su kai ashirin ba. Tsarin dai shi ne wanda kowa ya sani, Postfix ya karɓi saƙo ya miƙa wa Amavis, shi kuma ya kwance duk abin da aka maƙala ya ba ClamAV ya shinshina ko akwai bairos, in lafiya lau ne a sake shi ya wuce akwatin mai shi. ClamAV kyauta ne, yana hannun Cisco tun da suka sayi Sourcefire a 2013, kuma gaskiya kyautar ce ta ja ni don oga ba ya son jin maganar kuɗin lasisi.

Wata Litinin da hantsi sai ga kiran oga, wai "Malam, tun jiya ba saƙon da ya shigo mana, ko intanet ɗin ce?" Na shiga na buga mailq, umarnin da ke nuna saƙonnin da ke jira a layi, kai! Saƙonni jibge a layi kamar layin mai lokacin wahala. Ashe clamd, wato ɓangaren ClamAV mai yin sikanin, shi ne ya mutu cikin dare ba sallama.

Sai da na yi ta tonon log kafin na gano dawar garin. Shi clamd yana loda duk alamomin bairos ɗin da ya sani cikin ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, wannan kaɗai ya fi gig ɗaya, to kuma duk sanda freshclam, mai sabunta alamomin, ya sauko da sababbi sai ya loda sabon kundi alhali bai saki tsohon ba tukuna, don kada aiki ya tsaya, ka ga abu ya ninka kenan, ni kuwa sabata gig biyu ce kacal. Linux da ya ga ram ya ƙare sai ya kashe wanda ya fi kowa ci. Ba laifinsa ba ne, ni na yi rowa.

Gyaran bai ɗau minti goma ba. Na sa ConcurrentDatabaseReload no a clamd.conf, fayil ɗin saitinsa, don ya daina riƙe kundi biyu lokaci guda, na ƙara swap, wato fili a faifai da ke taimaka wa ram in ya cika, sikanin zai ɗan tsaya lokacin lodi amma ya fi mutuwa. Na tura wa kaina fayil ɗin EICAR, wannan rubutun mai harafi 68 da ba ya cutarwa amma kowane antibairos ya yarda ya kama shi don gwaji, ya kuwa cafke shi nan take. Na ji daɗi har na fara fankama.

Bayan sati biyu Hajiya akanta ta kira ni. An turo mata zip wai rasit ne, an kulle shi da kalmar sirri, kalmar kuma an rubuta ta ƙiri-ƙiri a jikin saƙon. ClamAV ba ya iya leƙa cikin abin da aka kulle, masu turo kayan nan sun fi ni sanin haka. Iyakar abin da Amavis ya yi shi ne ya manna ***UNCHECKED***, wato ba a duba ba, a kan taken saƙon ya bar shi ya wuce.

Na ce "Hajiya Allah ya sa ba ki buɗe ba." Ta ce taurarin nan da ta gani ne suka ba ta tsoro, ta ɗauka kwamfutarta ce ta lalace. A cikin zip ɗin akwai fayil mai ƙarewa da .js, wato irin fayil ɗin da kwamfuta ke zartarwa in an danna shi, ba rasit ba. Tun ranar duk zip mai makulli killace shi nake, mai buƙata ya kira ni, su yi ta ƙorafi.