Batirin da ya jinkirta aikin ofis guda

Makonni uku na shafe ina neman dalilin da ya sa uwar garken ofishinmu a Kaduna, wato kwamfutar da dukkan ma'aikata ke ajiye fayilolinsu a cikinta, ta koma tafiyar hawainiya, kuma mafi yawan wannan lokaci a kan zato na ɓata shi. Na fara da zargin wayoyin sadarwa, na canja guda biyu, sannan na rubuta takardar neman kuɗin sayen sababbin faya-fayan ajiya, alhali ban auna komai ba.

Hajiyar da ke riƙe da asusu ce ta karkato da hankalina ba tare da ta sani ba. Ta ce mini: "Malam, ni fa buɗe fayil ba ya ba ni wahala, sai na zo adanawa ne abin yake cijewa." Da na kunna iostat, manhajar da ke auna saurin karatu da rubutu a kan faifai, sai na ga maganarta a cikin alƙaluma, domin karatu yana tafiya daidai, amma kowane rubutu yana daɗewa a layi. Na duba lafiyar faya-fayan da manhajar smartctl, musamman lamba 5 da lamba 197 a rahotonta, masu ƙidaya gurabun da aka riga aka sauya saboda lalacewa da waɗanda ake shakkar su, na tarar duka sifili ne.

Sai a nan na zauna na yi lissafin da ya kamata tun farko in fara da shi. Faifan da ke juyawa sau 7200 a minti yana cin kimanin milisakan 8 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) kafin ya kammala zagaye ɗaya, kuma idan aka haɗa da lokacin da allurarsa ke ɗauka ta isa inda ake nema, da ƙyar yake wuce aiki 100 a daƙiƙa muddin bayanan a warwatse suke. Tsarin RAID 5 da muke amfani da shi kuwa, wanda ke rarraba bayanai a kan faya-fayai da dama tare da lissafin kariya don a iya dawo da su idan faifai ɗaya ya lalace, yana mayar da kowane ƙaramin rubutu aiki huɗu, saboda sai ya karanta tsohon bayani da tsohon lissafin kariya, sannan ya rubuta sababbinsu. Abin da ke ɓoye wannan nauyi shi ne katin RAID, wato na'urar da ke sarrafa faya-fayan, wanda yake karɓar rubutu a ƙwaƙwalwarsa ya ce an gama, daga baya ya sauke shi a kan faifai. Sai dai katin ba ya yarda da wannan dabara sai batirinsa yana da rai, tunda ɗauke wuta na iya shafe duk abin da bai sauke ba. Batirin namu ya mutu, katin ya koma jiran faifai a kowane rubutu, kuma abin kunyar shi ne ya faɗi haka ƙarara a kundin rahotonsa, wanda ban taɓa buɗewa ba.

Ranar da na kwance murfin akwatin, na iske batirin ya kumbura, ƙurar hunturu kuma ta yi dambu a ragar da iska ke shiga. Ɗakin ba shi da taga, na'urar sanyaya shi ba ta kan layin janareta, ga shi an sha zafin Maris da Afrilu a haka. Bayan na sa sabon batiri ya cika caji, katin ya koma yadda yake, ni kuma na je wurin Oga na janye takardar kuɗin, na miƙa wata ta neman a haɗa na'urar sanyin da janareta.