Katangar da ke kewaye da tankunanmu

Sana'ata ita ce ajiye man gas da kananzir a wani fili da ke bayan garin Kano, inda nake sayar wa masu injinan niƙa da gidajen burodi da ƙananan masana'antu. Tankuna uku gare mu, duk a saman ƙasa, babban cikinsu yana cin lita 50,000. Mai wucewa zai ɗauka gobara ce kaɗai abin da ke hana mu barci, alhali abin da ya fi cin mana kuɗi da tunani shi ne kada man ya taɓa ƙasa, domin unguwar da ta biyo mu ta zagaye filin duk da ruwan rijiya da burtsatse take rayuwa.

Lasisinmu yana hannun NMDPRA, hukumar tarayya mai kula da ajiyar mai da dakonsa da sayar da shi, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa ta gaji aikin tsohuwar hukumar albarkatun man fetur, wato DPR, a ɓangarenmu. Batun malalar mai kuwa na hukumar NOSDRA ne, wadda aka kafa a 2006, kuma dokarta ta wajabta kai rahoto cikin awa 24, tare da tarar naira 500,000 a kan kowace ranar da aka yi jinkiri. Muna da rubutaccen tsari da ya faɗi wanda zai rufe makullin tanki, da wanda zai buga waya, da inda aka ajiye yashi da garin katako na tsotse mai.

Ginshiƙin tsarin shi ne katangar kankare da ke kewaye da tankunan, wadda ƙa'ida ta ce ta iya riƙe kashi 110 cikin 100 na abin da babban tanki ke ɗauka, wato lita 55,000 a wurinmu. Gina ta bai ba ni wahala ba. Damina ce ta nuna mini inda gizo ke saƙa. A watan Agusta ruwan sama yakan taru a cikinta, dole a buɗe bututun da ke gindinta a fitar da shi. Wata safiya na tarar da bututun a buɗe, ashe kwana huɗu ke nan da yaranmu suka manta da shi, kuma a cikin kwanakin an sauke tanka guda mai lita 33,000. Da tiyo ya fashe a lokacin, da man ya bi kwata ya shiga unguwa, katangar tana tsaye kamar ado. Tun daga ranar na sa wa makullin kwaɗo, ba a buɗe shi sai an duba saman ruwan ko akwai ƙyallin mai, sannan a bi da shi ta ramin da ke raba mai da ruwa.

Masu zuwa dubawa sukan fara da takardu, ni kuwa a ganina littafin awo ya fi su faɗin gaskiya. Kowace safiya muna zura sandar awo a tankuna, mu gwada da abin da ya shiga da abin da aka sayar. Zafin rana yakan sa mai ya kumbura, don haka ɗan bambanci ba ya tayar mini da hankali, amma idan giɓin ya maimaitu kwana uku a tanki ɗaya, nakan dakatar da sayarwa daga cikinsa har sai an bi gindinsa da mahaɗan bututu an gano inda yake yoyo.